Daskarar da Ƙwan Haihuwar Mace: Abin da Ya Kamata Iyalanmu na Ƙetare Su Sani Tun Kafin Buƙata Ta Taso

Ina neman afuwar iyayenmu da yayyenmu, domin maganar da zan yi a yau tana cikin waɗanda ba mu saba faɗarsu a bainar jama'a ba. To amma Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Gabatarwa

Ina zaune ne a unguwar Farij Abdul'aziz, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin tsakiyar birnin Doha, dab da Mushairib, inda mafi yawan mazauna baƙi ne 'yan ci-rani irinmu. Shekaru biyu da suka wuce, wata ƙanwarmu da muke maƙwabtaka ta shigo wajena bayan sallar isha'i, idonta ya yi ja. Ba ta cika shekara talatin ba, aurenta bai shekara ba, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma a ranar aka tabbatar mata tana da sankarar mama. Ta ce da ni, "Yaya, wai likita ta ce kafin a fara mini magani za su iya cire mini ƙwai su ajiye a cikin sanyi. Ya halatta kuwa?" Na yi shiru, domin a daren ba ni da amsar da zan ba ta.

Maigidanta mutumin kirki ne, bai hana ba, sai dai ya ce a bari ya shawarci manya a gida. Aka buga waya, manya suka ce ba su taɓa jin irin wannan ba, a tambayi malam. Malam ya ce a ba shi lokaci ya bincika, wanda kuwa shi ne daidai ga duk mai tsoron Allah. Kafin amsa ta zagayo, kwanakin da likitoci suka iya jira sun ƙare, aka fara magani. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi, tana nan da ranta da lafiyarta, amma har yau al'adarta ba ta dawo daidai ba, likitoci suna ci gaba da dubawa. Ba na ganin laifin kowa a cikin wannan labari. Abin da ya cinye kwanakin nan shi ne babu wanda ya san maganar kafin ranar. Ita da kanta ta ce in rubuta, kada wata ta sake tsintar kanta a haka. Abin da ke tafe shi ne abin da na tattaro tun daga lokacin.

Me ake nufi da daskarar da ƙwai?

A taƙaice, likitoci ne ke ciro ƙwayayen haihuwa daga gidan ƙwan mace, su sandarar da su a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, su adana har zuwa ranar da za a buƙace su. A wannan sanyi komai na jikin ƙwan yana tsayawa cik, ba ya girma, ba ya tsufa. In lokaci ya yi sai a narkar da shi, a haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan a mayar cikin mahaifarta. Wannan kashi na biyu shi ne abin da muka sani da dashen ciki, wanda likitoci ke kira IVF.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala shi ne, mace ba kamar namiji ba ce. Jikin namiji yana ta ƙera sabon maniyyi har tsufansa, ita kuwa mace da ƙwayayenta aka haife ta, ba a ƙara mata ko ɗaya. Tana cikin mahaifiyarta, wajen wata na biyar, tana da kimanin miliyan 6 zuwa 7. Ranar da aka haife ta sun koma miliyan 1 zuwa 2, lokacin balaga kuma saura kamar 300,000 zuwa 400,000. Daga cikinsu 400 zuwa 500 ne kawai za su nuna su fito a tsawon rayuwarta, sauran suna shanyewa ne a hankali har al'ada ta ɗauke, galibi wajen shekara 50. Ba yawan kaɗai ke raguwa ba, har da ingancin. Raguwar tana ƙara sauri daga shekara 35, shi ya sa samun ciki ke ƙara wuya kuma ɓari ke ƙara yawa bayan nan. Ƙwan da aka daskarar mace tana da shekara 28 zai ci gaba da zama ƙwan 'yar shekara 28 ko da an narkar da shi tana da 38.

Taƙaitaccen tarihi

An haifi jaririyar farko ta hanyar dashen ciki, Louise Brown, a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978. Shi maniyyi tun shekarun 1950 aka iya daskarar da shi, amma ƙwan mace ya daɗe yana ba masana wahala, saboda shi ne ƙwayar halitta mafi girma a jikin ɗan Adam, kuma cike yake da ruwa. Duk macen da ta taɓa saka tumatir a firiza ta fito da shi ya narke ta san abin da ƙanƙara ke yi: tana yayyaga abu ne daga ciki. A shekarar 1986 Dokta Christopher Chen a ƙasar Ostireliya ya ba da rahoton nasarar farko da daskararren ƙwai, amma shekaru da dama bayan nan nasarar ɗaiɗaiku ce.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne sabuwar dabarar daskarwa cikin ƙiftawar ido. Ana janye ruwan ƙwan da wasu sinadarai, sannan a tsoma shi cikin naitirojin, sai ya sandare kamar gilashi, ƙanƙara ba ta samu damar tsirowa ba. An samu haihuwar farko ta wannan hanya a 1999, wani masani ɗan Japan mai suna Masashige Kuwayama kuma ya inganta ta har ta bazu a duniya. A shekarar 2012 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina ɗaukar daskarar da ƙwai a matsayin gwaji.

A gida Nijeriya, yawancinmu mun ji labarin jaririyar da aka haifa ta hanyar dashen ciki a 1998 a hannun Dokta Ibrahim Wada na asibitin Nisa Premier da ke Abuja. A 2016 kuma asibitin Bridge Clinic na Legas ya ba da sanarwar haihuwar yaro daga ƙwan da aka daskarar. Ke nan abin ba na Turawa da Larabawa ba ne kaɗai, ya riga ya iso gida.

Su wa ke da buƙata?

Na farko, kuma su ne suka fi damuna, mata masu ciwon daji. Maganin kemo, musamman irin cyclophosphamide da ake yawan ba masu sankarar mama, da kuma gashi idan a mara za a yi shi, suna kashe ƙwayayen haihuwa. Wata al'adarta takan dawo, wata ba ta dawowa, kuma gwargwadon shekarun mace gwargwadon haɗarin. Bugu da ƙari, wasu masu sankarar mama akan ɗora su a kan ƙwayar tamoxifen na shekara 5 zuwa 10, wadda ba a son a yi ciki ana shanta. Wadda ta fara tana da 33 za ta iya gamawa tana da 40 ko fiye. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, aikin cire ƙwai kimanin mako biyu yake ɗauka, kuma a yanzu ana iya fara shi a kowace rana ba sai an jira zuwan al'ada ba. Amma kafin a fara kemo ake yinsa.

Na biyu, masu amosanin jini, wato sikila. Wannan ciwo namu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa ana haifar yara kusan 150,000 da shi a Nijeriya duk shekara. Iyalai da yawa a ƙetare suna tara kuɗi domin a yi wa 'ya'yansu dashen ɓargo, kuma tun ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da sabon maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Casgevy. To amma dukkansu sai an fara share tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi, irin su busulfan, wanda sau da yawa yakan tafi da haihuwa. Iyaye su yi wannan tambaya tun ranar farko, kada murnar warkewa ta sa a manta. Su kuma sani cewa alluran tayar da ƙwai na iya tayar wa mai sikila da ciwo, don haka sai da sa idon likitan jini.

Yarinyar da ba ta balaga ba ba a iya cire mata ƙwai, sai dai a yanki wani sashe na gidan ƙwan a daskarar, in ta girma a mayar mata. A 2015 likitoci a birnin Burasels na Beljiyam suka ba da labarin wata mata haifaffiyar Kwango mai sikila, wadda aka ajiye mata gidan ƙwai tana da shekara 13 kafin dashen ɓargo, ta kuma haifi ɗanta lafiya. A ƙarshen 2016 wata 'yar Dubai da aka yi wa irin wannan tana da shekara 9 ta haihu a Landan.

Na uku, waɗanda za a yi wa tiyata a gidan ƙwai, da waɗanda a danginsu al'ada ke ɗaukewa da wuri, kafin shekara 40.

Na huɗu, matan da aure ya yi wa jinkiri, ko zawarci ya yi tsawo. A nan ina roƙon a yi adalci. Akan ce boko da neman abin duniya ne ya hana su aure. Wata masaniya a Jami'ar Yale, Marcia Inhorn, ta tattauna da mata 150 da suka daskarar da ƙwai a Amurka, ta gano mafi yawansu ba aiki ne ya tsayar da su ba, rashin samun abokin zama ne. Duk wanda ya zauna a ƙetare ya san 'ya'yanmu mata nawa ne ke cikin wannan hali, masu tarbiyya da addini, manema sun yi ƙaranci saboda mu kanmu ba mu da yawa a inda muke.

Yadda ake yin aikin

Da farko akan ɗebi jini a auna wani sinadari da ake kira AMH, a kuma yi hoton mara a ƙirga 'yan ƙananan jakunkunan da ƙwai ke kwance a ciki. Waɗannan biyun suna nuna yawan ƙwan da za a iya samu, amma ba sa nuna ingancinsa. Shekaru ne ke nuna wannan.

Daga nan sai allurai na kwana 10 zuwa 12, a fatar ciki, waɗanda mace ke iya yi wa kanta a gida. A kowane wata jikin mace yakan taso da tarin ƙwayaye, ɗaya ya nuna, sauran su mutu. Alluran suna ceto waɗanda da ma asararsu za a yi ne a wannan watan. Saboda haka ba gaskiya ba ne cewa aikin yana ƙarar wa mace da ƙwai ko yana jawo ɗaukewar al'ada da wuri. A cikin kwanakin nan za a riƙa zuwa asibiti duk bayan kwana biyu ko uku domin hoto da gwajin jini.

In ƙwayayen sun kai, sai a yi allurar ƙarshe, bayan kimanin awa 36 a cire su. Ana sa mace barci mai sauƙi, a bi ta gaba da siririyar allura, na'urar hoto tana nuna hanya, a zuƙo su. Ba ya wuce minti 20 zuwa 30, kuma a ranar ake komawa gida. Waɗanda suka nuna ne kaɗai ake daskarwa. Budurwa tana iya gaya wa likita tun farko cewa ba ta yi aure ba, domin akwai asibitocin da ke yin hoton da cirewar ta fatar ciki, sai dai ba kowane likita ne ya saba da hanyar ba. Haka nan haƙƙin mace ne ta nemi likita mace.

Illolin da aka fi gani su ne kumburin ciki, nauyin mara da saurin fushi, kuma sukan wuce da zuwan al'ada. Wanda ake tsoro shi ne gidan ƙwai ya kumbura fiye da kima har ruwa ya taru a ciki. Mai tsananin ba kasafai yake faruwa ba, amma duk wadda ta ji numfashi na yi mata wuya, ko amai ba tsayawa, ko fitsari ya ragu sosai, to ta garzaya asibiti a daren.

Shin ana dacewa?

A nan ne nake so mai karatu ya natsu, domin masu talla ba su cika tsayawa a nan ba. Ƙwai daban, jariri daban. A kowane mataki ana samun raguwa: ba duka ne ke nuna ba, ba duka ne ke tsira in an narkar ba, ba duka ne ke karɓar maniyyi ba, ba duka ne ke girma ba, kuma ba duk wanda aka dasa ne ke kama mahaifa ba.

Wani bincike da aka buga a 2016 daga birnin Balensiya na Sifaniya ya nuna cewa matan da suka daskarar suna da shekara 35 ko ƙasa, idan aka yi amfani da ƙwai 10, kimanin kashi 60 cikin 100 sun samu haihuwa. Masu 36 zuwa sama kuwa, da ƙwai 10 ɗin dai, kimanin kashi 30 ne. Wani kuma daga Jami'ar New York a 2022, a kan mata 543 da suka dawo suka narkar da ƙwansu, ya samu kashi 39 cikin 100 sun haihu. A cikinsu, waɗanda suka daskarar kafin shekara 38 kuma aka narkar musu da ƙwai 20 ko fiye, kashi 70 ne suka dace. Darasin a fili yake: shekarun mace ranar da aka cire, da yawan ƙwan da aka ajiye, su ne kan gaba. Sau da yawa zagaye ɗaya ba ya ba da ƙwai 20, sai an maimaita, kuma kowane zagaye da kuɗinsa.

Har wa yau, ƙwan ne ba ya tsufa, mai ƙwan tana tsufa. Ciki bayan shekara 40 ya fi zuwa da hawan jini, ciwon suga da haihuwa ta tiyata. Ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata, shi ma ba ruwansa da abin da ke cikin naitirojin. Dangane da yaran kuwa, binciken da aka yi zuwa yanzu bai nuna sun fi sauran yaran dashen ciki samun nakasa ba.

Kada kuma a manta da maza. Namijin da za a yi wa kemo ko dashen ɓargo shi ma yana iya ajiye maniyyi, kuma nasa ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba. A kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi jinkiri, akwai hannun matsalar namiji, ko da yake a wajenmu mace ake fara kallo.

Matsayin Musulunci

Malamai sun daɗe da duba asalin maganar. A 1980 Shaihu Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, yana Muftin Masar kafin ya zama Shaihin Azhar, ya ba da fatawar halaccin dashen ciki tsakanin miji da matarsa. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman, ta tabbatar da haka idan akwai buƙata, ta kuma haramta duk hanyar da mutum na uku ya shigo, ko da ƙwai, ko da maniyyi, ko da aron mahaifa. Tushen hukuncin shi ne kiyaye nasaba.

Akwai wani batu da ya shafe mu kai tsaye, mu masu zama da abokiyar zama. A 1984 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yarda a dasa ƙwan mace a mahaifar kishiyarta tun da miji ɗaya ne, amma a 1985 ta janye wannan izini, saboda ita kishiyar tana iya ɗaukar nata cikin a daidai lokacin, a rasa gane uwar ɗa. Don haka ƙwan da aka ajiye, mahaifar mai shi kaɗai zai koma.

Game da daskarwar kanta, a 2019 Darul Ifta ta Masar ta bayyana cewa ta halatta da sharuɗɗa: a haɗa ƙwan da maniyyin miji alhali igiyar aure tana nan, a adana shi yadda ba zai cakuɗa da na wata ba, kada a dasa shi a mahaifar wata, kuma kada aikin ya cutar da abin da za a haifa. Akwai malaman da suka taƙaita halaccin ga lalura irin ta rashin lafiya, suna gudun abin da buɗe ƙofar zai jawo, musamman ga marasa aure. A kan mai ciwon daji kuwa, wadda magani zai tafi da haihuwarta, maganar ta fi sauƙi a wajen malamai. A nan Doha ma akwai masu nazarin irin waɗannan mas'aloli, kamar Farfesa Muhammad Ghaly na Jami'ar Hamad bin Khalifa.

Ga wani bambanci da matar aure ya kamata ta fahimta kafin ta sa hannu a takarda. Likita zai iya tambayarta: ƙwai zalla za a ajiye, ko wanda aka riga aka haɗa da maniyyin maigida? Haɗaɗɗen yana da amfaninsa, domin tun a lokacin ake ganin nawa ne suka kama. Amma a wajen jumhurun malamai, ranar da auren ya ƙare, ta saki ko ta rasuwa, ba halin a dasa shi. Shi kuwa ƙwai zalla nata ne, in Allah Ya ƙaddara wani auren tana iya amfani da shi. Ba fata ake yi ba, amma mun san yadda ciwo mai tsawo ke jarraba aure. Wasu sukan raba biyu, rabi a haɗa, rabi a bari.

Mu da ke Doha, da maganar ƙaura

A Ƙatar, Hukumar Asibitocin Hamad tana da sashen taimaka wa masu neman haihuwa, kuma ƙarƙashinta cibiyar kula da masu ciwon daji ta ƙasa take, wadda tsofaffin mazauna suka sani da asibitin Al Amal. Asibitin Sidra, wanda ya buɗe babban gininsa a 2018, shi ma yana da sashen haihuwa, ban da asibitoci masu zaman kansu. Daga unguwarmu, in an shiga jirgin metiro a tashar Mushairib, koren layi yana kai mutum tashar Asibitin Hamad, in ya zarce kuma ya sauka a tashar Ɗakin Karatu na Ƙasa, kusa da Sidra. A bangaren gwamnati, hanya takan fara ne daga cibiyar lafiya ta unguwa da katin lafiya; mai ciwon daji kuwa ta nemi likitanta ya tura ta kai tsaye, da gaggawa.

A nan ba a haɗa ƙwai da maniyyi sai ga ma'aurata masu takardar aure, kuma ba a karɓar ƙwai ko maniyyin wani. Da yawa daga cikinmu an ɗaura mana aure ne a ƙofar gida, da goro da shaidu, babu takarda. A nemi takardar a tantance ta tun ana lafiya. Wadda ba ta da aure ta tambayi asibiti sharuɗɗansu da takardun da suke nema kafin ta biya ko riyal ɗaya. Sannan wasu alluran a firiji ake ajiye su, ga zafin Doha da ke haura digiri 40 da bazara, don haka a tafi kantin magani da 'yar kula da ƙanƙara.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, tun Yulin 2022 ana iya ajiye ƙwai har shekara 55, amma sai an sabunta izini duk shekara 10. A Faransa, dokar 2021 ta ba mata masu shekara 29 zuwa 37 damar daskarwa ko ba rashin lafiya. A Amurka kuwa kuɗi ne ke magana, zagaye ɗaya yakan haura dala 10,000 ban da magani. Ko'ina ne dai kuɗin kashi huɗu ne: magani, cirewa, kuɗin ajiya na duk shekara, da kuɗin narkarwa da dasawa daga baya. A nemi a ga huɗun a rubuce.

Babbar matsalarmu mu baƙi ita ce, zamanmu a kan iƙama yake. Aiki yana iya ƙarewa cikin wata guda, a tattara a koma Kano ko Maraɗi, ƙwai yana Doha. Ana iya ɗaukarsa zuwa wata ƙasa a cikin tulu na musamman, amma sai da izinin hukumomi, da asibitin da ya yarda ya karɓa, da kuɗi mai kauri. Lambar wayar nan kuma tana mutuwa in an bar ƙasar, asibiti ya yi ta nema domin sabunta ajiya bai samu kowa ba. A ba su adireshin imel mai ɗorewa da lambar wani amintacce.

Masu tunanin ajiyewa a gida sukan ji tsoron ɗaukewar wuta. Tulun ajiya ba da lantarki yake sanyi ba, da naitirojin ne, abin da yake buƙata shi ne a riƙa cika shi a kan kari, da ƙararrawar gargaɗi mai aiki. A watan Maris na 2018, a Amurka kanta, tuluna suka samu matsala a asibitoci biyu, ɗaya a Cleveland ɗaya a San Francisco, a na Cleveland kaɗai aka yi asarar ƙwai da haɗaɗɗun ƙwai kimanin 4,000. Ke nan ba sunan ƙasa ake dubawa ba, tsarin asibitin ake dubawa.

Tambayoyin da za a tafi da su wajen likita

1. A shekaruna da sakamakon gwajina, ƙwai nawa kuke sa ran samu, kuma zagaye nawa zan buƙata?
2. Mata nawa ne suka haihu a asibitinku da ƙwan da ku kuka daskarar kuka narkar?
3. Kwana nawa likitan ciwona ya yarda a jinkirta magani?
4. Yaya kuke tabbatar da cewa nawa bai cakuɗa da na wata ba?
5. Wa ke duba tuluna da dare da ranakun hutu?
6. In na bar ƙasar, ko aure ya ƙare, ko na rasu, me za a yi da ƙwan, kuma a ina aka rubuta?

Kammalawa

Haihuwa ta Allah ce, Yana ba wanda Ya so a lokacin da Ya so, kuma daskarar da ƙwai sababi ne kawai kamar sauran magunguna. Wadda ke da aure da lafiya kuma tana son haihuwa, kada ta jinkirta don ta dogara da shi. Wadda aure ya yi wa jinkiri, in tana da hali kuma zuciyarta ta natsu da maganar malamai, gara ta yi tambaya tana da 32 da ta yi tana da 40. Amma roƙona na musamman ga iyaye, da mazaje, da surukai, da malamanmu na gida da na nan shi ne, a san wannan magana tun ana zaune lafiya. Ranar da likita ya ce mako biyu ne, ba ranar fara bincike ba ce. Da a daren da ƙanwar nan ta shigo wajena na san rabin abin da na rubuta a nan, da mun kira gida da amsa a hannunmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, Ya mayar da mu gida cikin aminci. Wassalamu alaikum.

Taku 'yar'uwa,
daga Farij Abdul'aziz, Doha.